WANE NE SINGA?

 

Abin da ya sa na ɗauko alƙalami a wannan karon wata tambaya ce da 'yata ta yi mini, wadda ta bar ni da kunya. Mun fito daga kasuwar Singa ke nan, mun sayo sukari da madara da taliya, muna cikin adaidaita sahu, sai ta dube ni ta ce, "Umma, wai shi Singan nan wane ne? Wani attajiri ne?" Na buɗe baki zan ba ta amsa, sai na ga ashe ni ma ban taɓa tambaya ba. Shekara da shekaru ina cewa za ni Singa, a sauke ni a Bata, amma ban taɓa tsayawa na ce su wane ne waɗannan ba.

Washegari na kai wa gwaggona ziyara, na ba ta labari. Ta yi dariya har da riƙe ciki, ta ce, "Ke 'yar nan, da karatunki da komai? Ɗaga wancan zanen." Na ɗaga, sai ga tsohon keken ɗinkinta, baƙi mai ado da ruwan zinare, rubutun jikinsa duk ya goge saboda hannu. Ta ce, "To ga Singa nan." Sannan ta ce a zamaninsu kowane kanti da rubutunsa a goshi, an rangaɗa shi da fenti, ga kuma hoto a gefe, domin wadda ba ta yi boko ba da hoton take gane inda ta zo. Ta ce, "Yanzu duk sun shafe. In kin ɗaga kai wani wurin za ki ga alamarsa, amma wa ke ɗaga kai?"

Wannan magana ta tsaya mini a rai, shi ya sa na bi diddigi, ga kuma abin da na samo.

Singer kamfanin keken ɗinki ne da wani Ba'amurke mai suna Isaac Singer ya kafa a shekarar 1851. Tambarinsa wani jan harafi ne babba, da hoton mace zaune tana ɗinki. Daga sunan wannan kamfani kasuwar ta samo nata. Bata kuwa kamfanin takalma ne da Tomas Bata ya kafa tare da 'yan uwansa a 1894, a garin Zlin da ke ƙasar Cek ta yanzu. Duk wadda ta yi firamare a da ba za ta manta da takalmin Kotina ba, to nasu ne. Kin ga ke nan sunaye biyu da muke faɗa kullum, asalinsu rubutu ne a jikin kanti.

Su waɗannan kantuna jirgin ƙasa ne ya kawo su. Layin dogo ya iso Kano a 1911, aka buɗe shi sosai a 1912, nan da nan cinikin gyaɗa ya buɗe. Kamfanonin Turawa suka yi ta kafa kantuna a wajen ganuwa, kusa da tasha: John Holt na birnin Libaful, G.B. Ollivant na Mancesta, CFAO na Faransawa, da Paterson Zochonis wanda muke kira PZ. Kwarori, wato mutanen Siriya da Labanon, su ma suka jera nasu, inda muke kira Kantin Kwari har gobe. A 1929 aka haɗa Kamfanin Neja da wani babban kamfani aka samar da UAC. Manyan 'yan kasuwarmu irin su Alhaji Alhassan Ɗantata, wanda ya rasu a 1955, su ke sayo gyaɗa daga ƙauyuka su kawo, har aka yi ta tara dalar gyaɗa. Manomi ya kawo gyaɗa ya karɓi kuɗi, ya juya ya shiga kanti ya sayo wa iyalinsa atamfa da gishiri da kananzir da sabulu da langa. Galibin abin da ake tallarsa a goshin kantin nan, 'yar uwa, ɗakin mace yake ƙarewa.

To ita wannan al'ada ta rubuta talla a bango, can inda kayan suke fitowa ta fi ƙarfi, wato Ingila da Amurka, kuma can ne aka fara damuwa da adana ta. Bari mu leƙa can mu ga yadda suka yi, sannan mu dawo gida.

Daga wajejen 1880 zuwa 1950, kafin talabijin ya shiga gidaje, bango shi ne babban allon talla a biranensu. Gine-ginensu na jan bulo ne, masu hawa uku, huɗu, har fiye. Wakilin kamfani zai zo ya ga bangon da ya fuskanci titi ko layin dogo, ya yi ciniki da mai gida. Wani a ba shi kuɗin haya, wani kuwa, in mai kanti ne, a rubuta masa sunan kantinsa kyauta daga sama, kamfani ya cinye sauran bangon. A Landan har yau ana ganin burbushin tallan burodin Hovis, da rezar Gillette, da ashanar Brymay, da sabulun Sunlight. Shi wannan sabulu da mu a cikinsa. Kamfanin Lever Brothers ne ke yin sa a wancan lokacin, da manja da man kwakwa irin waɗanda ake ɗauka daga Afirka ta Yamma, kuma neman irin wannan mai ne ya sa Lever ya sayi Kamfanin Neja a 1920. Gyaɗarmu ma a da can ake matse ta a yi mai da bota.

Masu yin wannan aiki a Amurka ana yi musu laƙabi da karnukan bango, wai saboda wahalar da suke sha, kuma kullum suna ɗaure da igiya. Za su rataya katako daga saman bene, mutum biyu su tsaya a kai, iska na kaɗa su, ga sanyi ga rana. Ana ba su zanen tallan a ƙaramar takarda da aka raba gida-gida, su kuma su faɗaɗa shi a bango, wani lokaci da ƙirga layin bulo suke gane tsayin harafi. Wata dabarar kuma, a zana harafin a babbar takarda, a huda layin zanen da ƙananan ramuka, a manna a bango, a bubbuga da ƙullin garin alli ko na gawayi. In an cire takardar sai ga ɗige-ɗige, sai a bi da buroshi. Abin mamaki shi ne mutum yana manne da bango, ba ya ganin abin da yake rubutawa gaba ɗaya, amma in an tsaya daga nesa sai a ga harafi ya fita tsaf.

Fentin ma da kansu suke haɗawa a wurin, da farin garin dalma da man tsiro da launi. Wannan shi ne sirrin daɗewarsa. Man yana ratsa bulo ya shige ciki, farar dalma kuwa ba ta jin ruwa ba ta jin rana, shi ya sa in ja da shuɗi sun gudu sai a bar farin harafi shi kaɗai. In kamfani ya daina biyan haya, wani ya zo ya shafe ya rubuta nasa. Bayan shekaru na saman ya koɗe, na ƙasan ya leƙo, sai ki ga talla biyu ko uku sun hau kan juna. In an yi ruwan sama bango ya jiƙe, rubutun da ba a gani sai ya fito, in ya bushe ya koma. Wannan ya sa Turawa suke ce musu fatalwar talla. Bangon da ya dubi arewa ya fi riƙe rubutu, domin a ƙasashensu ta kudu rana take bi. Wani kuma gini ake yi a jikinsa ya rufe shi shekara 70 ko 80, ranar da aka rushe maƙwabcin sai ga talla sabo fil kamar jiya aka yi.

Amma ita dalmar da ta raya rubutun ita ta cinye masu rubutun. Da yawansu sun yi fama da murɗar ciki da mutuwar hannu saboda gubarta. Mu ma nan mun san wannan guba, domin ita ce ta kashe yara fiye da 400 a ƙauyukan Zamfara a 2010, ta hanyar dutsen zinare da ake daka wa a cikin gida. Sai a 1978 Amurka ta hana sayar da fenti mai dalma don shafa wa gidaje. Ki riƙe wannan, za mu dawo kansa.

Daga baya aka samu manyan alluna da ake manna wa takarda bugun inji, da fitilun talla masu launi, sannan talabijin. Aikin karnukan bango ya ja baya, rubutun ya zauna a sama ba mai kula shi. Ana rushe gini a tafi da shi, ana wanke bango a kankare shi, ba wanda ya ɗauke shi tarihi.

Cikin waɗanda suka nuna cewa abin yana da daraja har da mata biyu. A jihar Jojiya akwai wani ƙaramin gari, Cartersville, ba nisa da birnin Atlanta inda aka ƙirƙiro Coca-Cola a 1886. A 1894 wani ɗan tallan kamfanin mai suna James Couden ya rubuta sunan lemon a bangon wani kantin magani, kuma shi ne ake ɗauka tallan bango na farko da aka yi wa Coca-Cola. Aka yi ta shafa sabon fenti a kai shekara bayan shekara, har na asalin ya ɓace. A 1989 Alison Free da Aggie Ferguson suka zauna suka yi ta ɓare fentin a hankali, hawa 25, har suka kai ga hannun Couden. A nan aka ga ashe ba gwanin rubutu ba ne: ya manta harafi ɗaya a cikin wata kalma, ya dawo ya cusa shi a matse. Da sabon fenti kawai aka sake shafawa, da wannan ɗan kuskure ba wanda zai san da shi, alhali shi ne ya nuna cewa ɗan Adam ne ya tsaya a wurin da buroshi a hannu.

Labarin da ya fi taɓa ni shi ne na wani mutumin birnin Niyok, Frank Jump. A 1986, yana da shekara 26, likitoci suka gaya masa yana ɗauke da ƙwayar cutar ƙanjamau, a lokacin da babu maganin da ke riƙe mutum, kowa na ganin kwanansa ya ƙare. Allah da ikonSa bai mutu ba. A 1997 yana yawo a unguwar Harlem sai ya ga tsohon tallan wani man zafi, Omega Oil, a jikin bene. Ya tsaya yana kallo. Talla ne da aka yi don ya yi 'yan shekaru a shafe shi, kamfanin ya tafi, masu saye sun tafi, shi kuwa yana nan. Ya ga kamar kansa yake kallo. Daga ranar ya shiga bin unguwanni da kyamara yana ɗaukar su. A 1998 aka baje kolin hotunansa a gidan tarihin birnin, a 2011 ya fitar da littafi. Da yawa daga bangayen da ya ɗauka yanzu babu su, hoton ne kaɗai shaida.

A Ingila kuma wani mai suna Sam Roberts ne, a 2006, ya ɗaga kai a unguwar Stoke Newington ta Landan ya ga rubutun wani kanti da ke cewa ana gyaran alƙalami mai shan tawada. Abin ya ba shi mamaki, wai ashe an yi zamanin da in alƙalami ya lalace gyara shi ake yi, ba jefarwa ba. Ya fara tara hotuna, ya roƙi jama'a su turo nasu. A 2010, tare da wata cibiyar adana tarihin talla, aka buɗe rumbun hotuna ɗaruruwa daga sassan ƙasar, kuma yawancinsu talakawan gari ne suka ɗauka a hanyar aiki ko kasuwa. A 2023 hukumar kula da gine-ginen tarihi ta Ingila da kanta ta nemi jama'a su riƙa turo hoto ana sa wa a taswira ta intanet. Abin da mutum ɗaya ya fara, sai da gwamnati ta bi sahu.

Sai dai har yanzu ba su daina gardama a kan yadda za a adana ba. Wasu sun ce a sake shafa fenti ya dawo sabo. Wasu suka ce a'a, garin neman gira za a rasa ido, domin in ka shafa sabo ka binne hannun mai aikin farko, abin da ya rage kwaikwayo ne, kuma in kamfanin yana raye ka yi masa talla kyauta. Wasu suka ce a bar shi ya koɗe, haka rayuwa take. Masu gyaran kayan tarihi suna da hanya ta tsakiya: su wanke bangon a hankali, su gyara inda ruwa ke zuba, su shafa wani ruwan gam marar launi da zai riƙe ɓawon fentin kada ya zube, ba tare da sun ƙara ko ɗigo ba. A 2016 kuma wani mai zane, Craig Winslow, ya fito da dabarar majigi. Zai binciko yadda tallan yake a da, ya zana shi a kwamfuta, da dare ya haska a kan bangon, launi ya dawo daidai kan kowane harafi. In an kashe majigi bango ya koma yadda yake, ba a taɓa shi ba.

To mu dawo gida. Na san wata za ta ce, "Yo mu ina ruwanmu da sunan kamfanin Turawan da suka sayi gyaɗar kakanninmu da arha?" Gaskiyarki, 'yar uwa, ba duka abin alfahari ba ne. Manyan kamfanonin nan sun sha haɗa baki su tsayar da farashi yadda suke so, manomi ba shi da ta cewa. Amma ajiye shaida ba yabo ba ne. In yaro ya tambaye ki yadda aka yi, gara ki nuna masa bango ki ce ga inda kakanka ya tsaya da jakinsa, domin gani ya kori ji. Kuma ba na Turawa kaɗai ne a bangon ba. Akwai sunan Alhaji wane da 'ya'yansa, akwai na tela, da mai hoto, da mai gyaran agogo da rediyo, da kemis na farko a unguwa, da gidan silima. Littattafan tarihi sun cika da sarakuna da gwamnoni, amma wa ya rubuta shekarar da keken ɗinki ya shiga ɗakin matan aure har suka fara samun na kansu ba tare da sun fita ba? Wa ya rubuta lokacin da aka bar fitilar aci-bal-bal aka koma ta ƙwai? Wannan tarihinmu ne mu mata, kuma ɗan abin da ya rage daga cikinsa yana jikin bango da bakin tsofaffi.

Namu kuma ya fi nasu saurin tafiya. Ranarmu ta fi zafi, ga ƙurar hunturu, ga shi yawanci a kan shafen siminti aka yi rubutun, in ya ɓamɓare ya tafi da shi. Lokacin zaɓe ya zo a lulluɓe bango da fasta. Gobara ta zo, kamar wadda ta cinye kasuwar Sabon Gari a watan Maris na 2016. Faɗaɗa titi ya zo. In har Ƙofar Na'isa, mai ɗaruruwan shekaru, an rushe ta a 2010 don aikin hanya aka sake gina wata, ina ga rubutun wani tela? Masu rubutun hannu su ma suna ƙarewa, domin yanzu kowa bana yake bugowa a inji, ta yi shekara biyu rana ta cinye ta a yar.

Ba na ce ki je ki tare katafila ba. Abin da nake roƙo ƙarami ne, kuma yana hannunki. In kin fita unguwa ko asibiti ko kasuwa, ki riƙa ɗaga kai sama da rumfuna, musamman a tsofaffin layukan kantuna da kusa da tashar jirgin ƙasa, ko a Kano kike, ko Zariya, ko Gusau, ko Nguru. In kin ga tsohon rubutu ki ɗauke shi da wayarki sau biyu, ɗaya kusa, ɗaya daga nesa yadda ginin zai fito duka. Ki rubuta sunan titi da ranar da kika ɗauka, don hoton da ba a san inda aka ɗauke shi ba rabin amfaninsa ya tafi. Bayan an ɗauke ruwan sama ya fi fitowa. Sannan ki kai wa tsohuwar gidanku, ki ce, "Iya, kin san wannan kantin?" Ki bar ta ta yi magana, ki naɗi muryarta. Wallahi za ki ji abin da ba ki taɓa ji ba, har kuɗin da aka sayi atamfar lefenta.

In kuwa ginin na maigidanki ne ko na mahaifinki, aka tashi gyara, ki sa baki cikin ladabi. Ki ce, "Alhaji, don Allah a bar wannan gefen, sunan Baba ne a jiki." In ba zai yiwu ba, a ɗauki hoto kafin mai fenti ya hau tsani, in allo ne na katako ko na ƙarfe a cire a ajiye. Ga kuma gargaɗin da na ce ki riƙe: kada ki yarda a kankare tsohon fenti a bushe yara suna wurin, kada kuma ki bar yaro ya ɓare shi ya kai baki, don ba ki san ko mai dalma ba ne. A jiƙa shi tukuna, a share ƙurar da tsumma mai ruwa, a wanke hannu.

Mu mata ai mun san darajar tsohon abu. Wace ce a cikinmu za ta ba 'yan gwangwan tasar kakarta don ta yi baƙi, ko ta yar da langar da aka yi wa mahaifiyarta jere da ita don bakinta ya ɓantare? Ba a cin abinci a ciki, amma tana can saman kabad, in yara sun tambaya a ba su labari. Gari ma haka yake, yana da nasa tsofaffin kwanukan.

Ita dai 'yar tawa na kai ta wurin gwaggo, ta ga Singa da idonta, har aka bar ta ta taka keken. Yanzu in mun shiga gari ita ke jan mayafina tana cewa, "Umma, dubi can sama." Mun tara hoto 14, biyu daga ciki an riga an shafe bangonsu da sabon fenti.